Jagora ga mai son karatun gashin ciwon daji: daga fom ɗin JAMB zuwa ɗakin na'ura

Ɗalibin da ya buɗe jerin kwasa-kwasan JAMB yana neman inda aka rubuta gashin ciwon daji, wato maganin ciwon ta hanyar haska ƙari da haske mai ƙarfi daga na'ura, zai sha wahala, domin a jami'o'in Najeriya ba da wannan suna ake shiga fannin ba. Ana shigarsa ne ta ƙofofi daban-daban, kowace da yawan shekarunta da hukumar da ke ba da lasisinta, kuma wanda ya bi ƙofar da ba tasa ba yakan ɓata shekaru kafin ya farga. Wannan jagora ta mai shirin jarrabawar shiga jami'a ce, da wanda ya riga ya shiga yana laluben inda zai karkata, da iyayen da za su ɗauki nauyin karatun.

Buƙatar ma'aikata a fili take. Ƙiyasin IARC, cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, na shekarar 2022 ya nuna cewa an samu sabbin masu ciwon sama da 127,000 a Najeriya, kuma sama da 79,000 suka rasu. Na mama da na mafitsarar maza da na bakin mahaifa su ne a gaba. Kusan rabin masu ciwon daji za su buƙaci gashi a wani mataki na jinyarsu, ko don a warkar da su, ko don a rage musu raɗaɗi. A arewa, sunayen da aka daɗe ana ji su ne asibitin koyarwa na ABU da ke Shika, da na jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Asibitin Ƙasa na Abuja, sai Gwambe da aka sani da gashin ciki, wato wanda ake shigar da tushen hasken cikin jiki. A 2025 aka buɗe sabuwar cibiya a asibitin koyarwa na tarayya da ke Katsina. A Nijar kuwa, sai a 2021 cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa da ke Yamai ta fara yi wa mutane gashi. Gwamnati na iya sayen na'ura a kasafin shekara ɗaya. Wanda zai riƙe ta kuwa, sai an yi shekara shida zuwa goma sha ana horar da shi.

Mataki na farko: ka san kujerar da kake so

Mutum huɗu ne ke riƙe da sashen gashi, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne.

Akwai likitan ciwon daji, wanda shi ne ke duba majinyaci, ya yanke ko za a yi gashi, ya rubuta yawan hasken da za a ba shi, ya zana iyakar ƙari a kan hoton CT, wato hoton cikin jiki da na'ura ke ɗauka yanka-yanka. A Najeriya wannan likitan shi ne kuma yakan rubuta allurar kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin daji. Hanyarsa ita ce mafi tsawo: shekara 6 a makarantar likitanci, shekara 1 ta sanin makamar aiki, hidimar ƙasa, sannan horon ƙwarewa na shekara 5 zuwa 6, wani lokaci fiye.

Akwai ma'aikacin rediyogirafi mai gashi. Shi ne ke kwantar da majinyaci a kan gadon na'ura, ya daidaita shi, ya kunna haske, yau da gobe har a gama. Likita na iya ganin majinyaci sau ɗaya a mako, shi kuwa kullum suna tare. Digirinsa shekara 5 ne.

Akwai masanin fiziks na asibiti, wanda majinyata ba su cika sanin da zamansa ba. Shi ke auna abin da na'ura ke fitarwa, ya tabbatar cewa lissafin da kwamfuta ta yi daidai ne, ya tsara kaurin bangon ɗaki. In ya ce na'ura ba za ta yi aiki yau ba, ba za ta yi ba. Yakan fara da digirin fiziks, ya yi digiri na biyu a fiziks na asibiti, sannan ya yi horo a cikin sashen gashi.

Sai ma'aikaciyar jinya ko ma'aikacin jinya na ciwon daji, mai kula da kemo, da wankin gyambo, da ciwon fata da na baki da gashi ke jawowa, da jinyar wanda ciwonsa ya wuce warkewa. Ana fara zama nas mai rajista tukuna, sannan a yi kwas ɗin ƙwarewa.

Shawarata: in kana son ka riƙa taɓa majinyaci da na'ura a lokaci guda, kuma ba ka da halin yin shekara goma sha kafin ka tsaya da ƙafarka, rediyogirafi ce ƙofarka. In lissafi ne abincinka kuma ba ka damu da a san ka ba, nufi fiziks. Kada ka cika likitanci don kawai ’yan unguwa su ce ɗan wane likita ne. Kada kuma ka ɗauki rediyogirafi a matsayin wurin fakewa ga wanda makinsa bai kai na likitanci ba, domin irin waɗannan su ne ke zama a aji jikinsu a nan, zuciyarsu a wani ajin. Mafi yawan abin da ke tafe a kan rediyogirafi yake, tunda ita ce ke kai mutum ɗakin gashi da digirin farko, amma zan komo kan sauran a ƙasa.

Kafin ka yanke, nemi izini ka leƙa sashen gashi ko da na yini ɗaya ne. Gani ya kori ji. Akwai warin gyambon da ya daɗe, akwai yara ƙanana marasa gashin kai, akwai tsoho da ya sayar da gonarsa ya zo a makare. Wasu sukan fito da ƙarin ƙarfin gwiwa, wasu sukan gane ba wurinsu ba ne, kuma duka biyun riba ce.

Mataki na biyu: sakandare da JAMB

Nan ba sai an ja magana ba. Kana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO: Turanci, lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji. Wasu jami'o'i a fannonin lafiya ba sa karɓar sakamakon da aka haɗa daga zama biyu, don haka ka yi ƙoƙarin samunsu a zama ɗaya. A JAMB, ga rediyogirafi da likitanci da jinya, darussan su ne Turanci, fiziks, kemistiri da bayoloji. Mai neman digirin fiziks zai sa lissafi a ciki. Guraben rediyogirafi kaɗan ne, saboda hukumar da ke kula da sana'ar ta ƙayyade wa kowace makaranta yawan ɗaliban da za ta ɗauka, don haka makin da ake shiga da shi yana da tsada. Wanda bai samu ta JAMB ba yana iya bin IJMB ko JUPEB ya nemi shiga aji biyu kai tsaye.

Abu guda da zan jaddada: kada ka haddace fiziks na sakandare don cin jarrabawa kawai. Babin igiyoyin haske, da wutar lantarki, da ƙwayar zarra, su ne za su sake tare ka a aji biyu na jami'a, wannan karon ba da wasa ba.

Mataki na uku: zaɓen jami'a

A arewa, jami'ar Bayero ta Kano, da jami'ar Maiduguri, da jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato suna koyar da rediyogirafi. A kudu akwai jami'ar Najeriya a reshenta na Inugu, da ta Kalaba, da ta Nnamdi Azikiwe, da ta Legas. Sababbi na ta buɗewa, musamman masu zaman kansu, kuma a nan ne ake buƙatar buɗe ido.

Tambayoyi biyu za ka yi kafin ka biya ko sisi. Ta farko: shin kwas ɗin yana da amincewar hukumar jami'o'i ta NUC, kuma yana da ta RRBN, hukumar rajistar masu rediyogirafi da aka kafa da doka a 1987? Duka biyun ake so. Digirin da RRBN ba ta amince da shi ba ba zai ba ka lasisi ba, kuma babu asibitin kirki da zai bar ka ka taɓa na'ura ba lasisi. Kada ka yarda da “muna kan hanya” daga bakin jami'in ɗaukar ɗalibai. Ka duba jerin da hukumar da kanta ta fitar. In ka shiga kuma, ka tabbata makarantar ta tura sunanka hukumar ta yi maka rajistar ɗalibi a kan lokaci.

Ta biyu ita ce wadda yawancin ɗalibai ba sa yi: a ina ɗalibanku ke zuwa koyon gashi, kuma na tsawon mako nawa? Wata jami'ar asibitinta na da sashen gashi, wata kuwa sai ta ɗebi ɗalibai a mota zuwa wani gari. Kada ka tambayi ofis, tambayi ’yan aji biyar. Su za su gaya maka ko sun ga na'ura tana aiki da idonsu, ko kuwa sun je sun tarar ta lalace sun dawo da hoton ƙofar ɗakin. Lalacewar na'ura da jiran kayan gyara daga ƙasashen waje tsohuwar matsala ce a ƙasar nan, kuma tana shafar ɗalibi kamar yadda take shafar majinyaci.

Mataki na huɗu: abin da za ka karanta, da wanda za ka riƙe da kyau

Aji ɗaya kimiyya ce ta gama-gari. Aji biyu ne ake shiga ilimin sassan jiki, da yadda jiki ke aiki, da fiziks na haske. Daga aji uku ake fara dabarun ɗaukar hoto, da sanin na'urori, da ilimin cututtuka, da zuwa asibiti. A aji huɗu da biyar ake yin CT da MRI da sikanin, da likitancin nukiliya, da gashi, da aikin bincike. Gaskiyar da ya kamata ka sani tun yanzu ita ce mafi yawan manhajar a kan ɗaukar hoto take. Gashi ɗan yanki ne, kuma yawancin abokan karatunka za su karanta shi ne su ci jarrabawa su wuce, hankalinsu na kan sikanin inda ake samun kuɗi da wuri. Kai da ka zo dominsa, sai ka ɗora wa kanka abin da manhaja ba ta ɗora maka ba.

Fara da ilimin sassan jiki a yanke, wato yadda ciki ke bayyana a hoton CT, yanka bayan yanka. Duk tsarin gashi na zamani a kan wannan hoton ake gina shi. Wanda ba zai iya nuna lakar ƙashin baya, da dubura, da mafitsara, da ƙululun yawu a hoton ba, ba zai gane abin da ake ƙoƙarin karewa ba.

Sai ilimin yadda haske ke aiki a kan ƙwayoyin halitta, wanda shi ne zuciyar fannin. Hasken na lalata DNA, wato sinadarin gado na ƙwaya, ta kasa rabuwa, ta mutu. Yana yi wa lafiyayyar ƙwaya haka, yana yi wa ta daji haka, amma lafiyayyar ta fi iya gyara kanta tsakanin yau da gobe. Wannan ne dalilin da ya sa ba a zuba hasken duka a rana ɗaya. Ana auna shi da ma'aunin gire, wanda ake rubutawa Gy, kuma tsarin da aka saba shi ne Gy 1.8 zuwa 2 a rana, kwana biyar a mako. Ciwon mama an daɗe ana ba shi Gy 50 a zama 25, yanzu kuma cibiyoyi da yawa sun koma Gy 40 a zama 15, abin da ke rage wa matar da ta taso daga ƙauye kuɗin masauki na mako biyu. Ciwon maƙogwaro da na baki yakan ci Gy 70 a zama 35, mako bakwai cur. Ciwon da ya bazu zuwa ƙashi yana hana barci kuwa, Gy 8 a zama ɗaya tak yakan kawo sauƙi. Rabawar tana da wata fa'ida: tsakiyar ƙari ba ta samun iskar oksijin sosai, kuma ƙwayar da ba ta da oksijin tana da taurin kai ga haske. Yayin da na gefe ke mutuwa, na ciki na samun iska, sai zaman gobe ya same su. Amma akwai ɗaya gefen: ƙwayoyin dajin da suka tsira suna ci gaba da hayayyafa, shi ya sa tsayar da gashi a tsakiya yake da haɗari. A ciwon bakin mahaifa ana so a gama komai, gashin waje da kemo na mako-mako da gashin ciki, cikin mako takwas. In ka fahimci wannan da kyau, ba za ka taɓa ɗaukar fashin majinyaci na mako guda a matsayin ƙaramin abu ba.

Sai na'urori. Tsohuwar ita ce mai kobal-60, wadda ke ɗauke da ɗan dunƙulen ƙarfe mai fitar da hasken gama ba dare ba rana. Ƙarfinsa na raguwa da rabi duk shekara 5.27, wato kusan kashi 1 cikin 100 a wata, don haka lokacin gashi na ƙaruwa kaɗan-kaɗan, kuma dole a riƙa gyara lissafi. Tana da juriya, ba ta cin wuta sosai, shi ya sa ta daɗe a asibitocin Afirka. Sabuwar ita ce linak, wadda ke harba ƙwayoyin lantarki da gudu su bugi ƙarfe su haifar da hasken eksiray mai ƙarfi. Da an kashe ta, haske ya ɗauke. Tana iya lanƙwasa haske ya bi siffar ƙari, amma tana son tsayayyiyar wuta, da sanyi, da injiniya a kusa. Sai gashin ciki, inda ake shigar da ɗan ƙaramin tushen haske cikin jiki, kusa da ƙarin, na ’yan mintuna. In iridiyam-192 ne, ƙarfinsa na rabewa duk kwana 74, sai an riƙa sauya shi kusan duk wata uku. Ganin yawan ciwon bakin mahaifa a wajenmu, wanda ya ƙware a gashin ciki ba zai rasa aiki ba.

Kuɗin littattafai kada ya tsorata ka. Hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, ta sa littattafanta na koyar da fiziks na gashi da manhajojin horo a intanet kyauta, kuma malamai da yawa daga cikinsu suke ɗebo darasi.

Mataki na biyar: yadda za ka ci moriyar zuwa asibiti

Makonnin da za a ba ka a sashen gashi kaɗan ne, don haka kada ka ɓata su a tsaye bayan mai sarrafa na'ura kana kallon allo. Roƙi shugaban sashe ya bar ka ka bi majinyaci ɗaya daga farko zuwa ƙarshe.

Za ka ga ba a fara komai sai an ɗebi tsokar ƙarin an tabbatar da irinsa a ɗakin gwaji, an kuma san matakin da ya kai. Za ka ga ranar awo, inda ake kwantar da shi a na'urar CT daidai yadda zai riƙa kwanciya kullum. In kai ko wuya ne, ana jiƙa wata roba a ruwan zafi a shimfiɗa a fuskarsa, ta sandare ta zama abin rufe fuska nasa shi kaɗai. In ƙirji ko ƙugu ne, ana yi masa ’yan ɗige-ɗige a fata. Daga nan hoton ya tafi kwamfutar tsari, likita ya zana ƙarin da ake gani, ya ƙara da'irar inda ciwon ka iya ɓuya, ya ƙara wata don motsi da numfashi, ya zana gaɓoɓin da za a kare. Masanin fiziks ya tsara ta inda haske zai shiga, a sake duba lissafin ta wata hanya dabam, sannan a ranar farko a ɗauki hoto a kan gadon na'ura a gwada da na tsari. Gashin kansa na kullum bai fi minti 10 zuwa 15 ba, kuma yawancin lokacin a daidaita kwanciya yake tafiya.

Ka lura da yadda ake maimaita tambayar suna, da duba ɓangaren dama ko hagu, da sa hannun mutum biyu. Sabon ɗalibi yakan ga kamar ɓata lokaci ne. Tela in ya yi kuskuren awo yana iya warware ɗinki, amma hasken da ya shiga jiki ba a janye shi. Ƙa'idar fannin ita ce abin da aka bayar kada ya kauce wa abin da aka rubuta da fiye da kashi 5 cikin 100. A ƙasar Panama, tsakanin 2000 da 2001, yadda aka shigar da bayanai a kwamfutar tsari ya sa majinyata 28 suka sha haske fiye da kima, wasu suka rasu, kuma da an sake lissafin da hannu da an gano. A garin Goiânia na Burazil a 1987, an bar tsohuwar na'urar gashi a kangon asibiti, ’yan gwangwan suka fasa ta, mutum huɗu suka mutu. Ana koyar da waɗannan a aji, kuma ya dace ka karanta rahotanninsu da kanka.

Riƙe littafin aiki. Duk abin da ka halarta ka rubuta irin ciwon, da na'urar, da abin da ka yi da hannunka, ba tare da sunan majinyaci ba, kuma mai kula da kai ya sa hannu. Lokacin hutu da yajin aiki, nemi takarda daga sashenku ka koma don ƙashin kanka. Aikin bincikenka na aji biyar ma ka ɗora shi a kan gashi: dalilan da ke sa majinyata fashi, ko ciwon fata bayan gashin mama, ko tsawon jira kafin a fara. Waɗannan takardun su ne za su bambanta ka da sauran ranar da cibiya ke neman ma'aikaci.

Tsoron gida: shin aikin na hana haihuwa?

Wannan tambaya kusan kowane gida sai an yi ta, musamman in ’ya mace ce. Amsar da za ki ba Baba da Inna ita ce: lokacin da na'ura ke aiki babu kowa a ɗakin sai majinyaci. Ma'aikata na waje, bayan bangon kankare mai kaurin da yakan kai mita biyu, suna kallo ta kyamara, kuma da an buɗe ƙofa na'urar ke tsayawa. Kowane ma'aikaci na rataye da ɗan bajo mai auna hasken da ya same shi, ana karanta shi lokaci-lokaci. Iyakar da ƙa'idar duniya ta sa wa ma'aikaci ita ce milisibat 20 a shekara (milisibat ma'aunin hasken da jikin mutum ya sha ne), kuma masu aikin gashi a sashen da ke bin doka ba sa ko kusantar ta. A Najeriya NNRA, hukumar sa ido kan harkokin nukiliya, ita ce ke ba da lasisin mallakar waɗannan na'urori da sa ido a kansu. Mai juna biyu ta sanar da shugabanta da wuri, a gyara mata aiki. Ƙa'idojin kare kai uku ne: rage lokaci, ƙara tazara, sa shamaki. In ka ninka tazara sau biyu, hasken da ke iso ka ya koma kashi ɗaya cikin huɗu.

Kuma ana matuƙar buƙatar mata. Mafi yawan masu zuwa gashi a wajenmu mata ne masu ciwon mama da na bakin mahaifa, kuma akwai wadda kunyar buɗe jiki a gaban namiji kaɗai ta isa ta hana ta dawowa.

Abin da jami'a ba za ta koya maka da Hausa ba

Da Turanci za a koyar da kai, amma da Hausa za ka yi aiki, kuma majinyacin da bai gane ba ba ya gama magani. Tun kana ɗalibi ka fara shirya amsoshinka. Za a ce maka daji ba ya son ƙarfe, in an taɓa shi da allura ko wuƙa sai ya fusata. Kada ka yi dariya, kada ka yi faɗa. Bayyana cewa yawanci ana zuwa ne a makare, shi ya sa ake ganin kamar taɓawar ce ta jawo. Za a tambaye ka ko wuta za a sa masa, ka ce ba zai ji komai ba lokacin da ake yi, yawancin illolin kuma a wurin da aka haska suke fitowa, a hankali. Za ka tarar an ware wa mace kwanonta, an hana jikoki zuwa kusa da ita. Kira mai jinyarta ka gaya masa wanda aka yi wa gashin waje ba ya ɗauke da haske, kuma ciwon daji ba a ɗaukarsa a kwano.

Za a tambaye ka alwala da wanka, saboda alamun da aka yi a fata. Za a tambaye ka azumi, musamman dattijo mai ciwon mafitsarar maza da aka ce ya sha ruwa ya cika mara kafin kowane zama. Ka san abin da sashenku ya tsara, ka kuma san cewa addini ya yi wa marar lafiya rangwame, amma ka bar fatawa ga malamai. Ka iya cewa “Baba, a daure a kwanta yadda aka kwanta jiya” da “Hajiya, ko kin ji sauƙi kada ki fasa zuwa gobe”. Wannan jimla ta biyu tana da muhimmanci ƙwarai, domin da yawa sukan tafi gida da zarar jini ya tsaya ko ƙari ya sace, alhali rabin aikin ne aka yi.

Mataki na shida: bayan digiri

Mai rediyogirafi yakan yi rantsuwar shiga sana'a, ya karɓi lasisin wucin gadi daga RRBN, ya yi shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a asibitin da aka amince da shi, sannan ya sami cikakkiyar rajista ya tafi hidimar ƙasa. Nemi wannan shekarar a asibitin da ke da sashen gashi, ko da ya yi nisa da gida, kuma tun ranar farko ka gaya wa shugaban sashe inda zuciyarka take. Ƙwarewa ta gaske a bakin aiki ake samunta, sai kwasa-kwasan ƙari da digiri na biyu.

Likita, bayan rajista da MDCN, hukumar rajistar likitoci ta Najeriya, zai ci jarrabawar share fage ta kwalejin ƙwarewar likitoci ta ƙasa da ke Ijanikin a Legas, ko ta kwalejin likitocin tiyata ta Afirka ta Yamma, sannan ya nemi gurbi a sashen da aka amince ya horar. Akwai jarrabawar kashi na ɗaya, da ta kashi na biyu mai haɗe da kundin bincike.

Mai fiziks ya nemi digiri na biyu a fiziks na asibiti, amma ya sani takardar kaɗai ba ta isa ba sai da horon asibiti na kusan shekara biyu a ƙarƙashin ƙwararre. A Ghana akwai makarantar kimiyyar nukiliya ta jami'ar Ghana da ke Kwabenya, wadda ke karɓar ɗalibai daga ƙasashen Afirka. A Italiya cibiyar ICTP da ke Trieste na da shirin shekara biyu da aka tsara domin ’yan ƙasashe masu tasowa. A gida kuma, cibiyar binciken makamashi ta ABU a Zariya, inda tukunyar nukiliyar bincike ta Najeriya take tun 2004, wuri ne da mai sha'awar auna haske zai amfana da shi.

Wanda ke da halin fita tun digirin farko, a Ingila da Afirka ta Kudu gashi digiri ne mai zaman kansa, shekara 3 a Ingila, 4 a Afirka ta Kudu. Sudan ta daɗe tana horar da ’yan arewa a wannan fanni a Khartoum, amma yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya rikita lamarin. Duk inda za ka je, ka tambayi RRBN tun kafin ka tafi ko za ta karɓi takardar in ka dawo. Mai niyyar aiki a Ingila kuma ya sani HCPC, hukumar rajistar ma'aikatan lafiya ta can, ta bambanta mai ɗaukar hoto da mai gashi, kuma hujjar horo za ta nema, wanda nan ne littafin aikin nan zai yi maka rana.

Batun kuɗi, ɗaliban jami'o'in gwamnati na iya neman lamunin NELFUND da aka fara a 2024, ban da tallafin karatu na jihohi. IAEA na ba da guraben horo, amma ta hannun gwamnati da asibitin da mutum ke aiki suke bi, ba a nemansu kai tsaye daga gida, don haka sai ka fara samun gurbi a cibiya. Mata masu neman digiri na biyu a fannonin nukiliya, har da fiziks na asibiti, suna da tallafin IAEA mai sunan Marie Curie da aka fara a 2020. Shi wannan ɗaliba da kanta take nema ta intanet, kuma ana so ta riga ta sami takardar shiga jami'ar da za ta yi karatun, saboda haka neman gurbin karatu ake fara yi kafin a buɗe karɓar takardu.